Tulun Zanzaro a Bangon Iya Kyallu

Dalilin da ya sa zanzaro ke shigo mana ɗaki ba sallama, ya kafa ɗan tulunsa a bango, mu kuwa mutanen Yumɓawa mu zuba masa ido ba mai cewa kanzil, shi zan gaya muku yanzu, tunda na ga Sagiru ya ɗauko kara yana auna na saman ƙofata. Kai Sagiru! Sauke hannun nan. A ɗakina? Lalle zaman birni ya ɓata ka. Zo nan ka zauna kusa da Hindatu. Riƙe karanka, za mu san abin da za a yi da shi. Waken da na ɗora ko tafasa bai yi ba, muna da lokaci.

A zamanin da, tun ƙwaro da ɗan'adam suna magana baki da baki, zanzaro bai iya gini ba. Ko kusa. Abin tausayi ne a lokacin. Shi ne uwa shi ne uba ga 'ya'yansa, amma ba shi da wurin ajiye su. Sai ya sami bayan ganye ko tsagar itace ya ajiye ƙwansa, ya je ya farauto tsutsa ya kwantar a gefe, don in ɗan ya ƙyanƙyashe ya tarar da abinci. Kafin ya juya, ruwan sama ya wanke, ko cinnaka sun yi gayya sun kwashe ƙwan da tsutsar gaba ɗaya. Danginsu 'yan ƙalilan ne, suna raɓe a bakin ramin da mata ke haƙar yumɓu.

A garin nan kuwa akwai wata maginiyar tukwane, Iya Kyallu. Ku riƙe sunan nan da kyau, don jininta ne ke yawo a jikinku. Kakar kakata ce. In kun sha ruwan tulunta a tsakiyar bazara sai haƙoranku sun amsa. Daga garuruwa masu nisa ake zuwa da jakuna a ɗauki randunanta. Amma fa tana da hali. Iya Kyallu ba ta yabo. In mai koyo ta gama tulu ta kawo, sai ta karɓa, ta lanƙwasa wannan yatsan, ta ƙwanƙwasa, ta kasa kunne. In bai yi mata ƙarar da take so ba, sai ta ce, "Sake," ta maka shi da ƙasa. Kun san tudun nan da kuke hawa bayan kuka kuna zamiya har kuna yaga mana wanduna? To, ba tudun Allah ba ne, tsingaron tulunan da ta fasa ne.

Ba a taɓa jin ta ce wa kowa "Ya yi" ba. Wadda ta ci sa'a, shiru kawai za ta samu, Iya ta ajiye tulun ta juya baya. Da wannan shirun ake tafiya gida ana guɗa. In an ce mata ta cika tsanani sai ta ce, "In tulu ya tsage a kan wata a hanyar rafi, ba sunanta za a kira ba, sunan garinmu za a kira." Kuma gaskiyarta, ni ban ga laifinta a nan ba.

Abu na biyu da take ji da shi, bangon ɗakinta. Ta shafe shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ta goge da dutse mai santsi har yana ƙyalli. Ko jikokinta ba su isa su jingina da shi ba.

Wata rana tana zaune tana gini a inuwa, sai ga zanzaro ya sauka a bakin ƙwaryar ruwanta.

Ya ce, "Sannu da aiki, Iya."

Ta ce, "Yawwa. Matsa, kar ka faɗa min a ruwa."

Ya ce, "Iya, koyo na zo. Na daɗe ina kallon ki. Na ga duk abin da aka sa a tulunki, ruwan sama ba ya taɓa shi, cinnaka ba ya shiga. Ni kuwa 'ya'yana sun ƙare a hannun waɗannan biyun."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta yi dariya. "Da wane hannun za ka yi ginin?"

"Da baki da ƙafa, Iya."

"To, ga yumɓu nan. Amma ka sani tun yanzu, ni ba na lallashi."

Haka ya fara. Ya ɗauko ɗan curin yumɓu kamar ƙwayar gero, ya liƙa, ya shafa, ya koma ya ɗauko wani. Ya yi da'ira, ya ɗora wata a kai, yana yi yana ɗan gurnaninsa saboda nauyi. In ya gama ya kira ta. Ba ma a kai ga ƙwanƙwasawa, da ido take kayar da shi. Yau ta ce wuyan ya karkace, gobe ta ce cikin ya yi kauri, jibi ta ce wannan ai ba tulu ba ne, kashin akuya ne. Ta sa farce ta murƙushe. "Sake." Rani guda ana abu ɗaya. Da ni ce, wallahi da tuni na yi zuciya na bar mata yumɓunta.

Danginsa da fari dariya suke masa. Da suka ga abin na kama hanya, sai suka riƙa leƙe suna kwaikwayo. Suka gina nasu a jikin duwatsun bakin rami, ba kyan gani, amma dai suna rufuwa. Suka sa ƙwai a ciki, 'ya'ya suka fara rayuwa, dangi ya yi ta yawa. Suka ce masa, "Kai da ka fi mu iyawa, me kake jira?" Ya ce, "Ni ba zan sa ɗana a tulun da Iya ba ta yarda da shi ba." Kun ji taurin kai irin na malamarsa.

To, kafin wannan ranin, an yi fari a ƙasar nan. Yunwa ta shiga gari har mutane suka cinye irin shukarsu. Gero da dawa an samo daga wasu wurare, amma farin waken nan namu mai baƙin ido, wanda ke nuna da wuri kuma ba ya cin itace wajen dahuwa, ba inda ake da shi sai Yumɓawa, ga shi kuma an cinye. Sai mutum ɗaya. Iya Kyallu ta zuba nata a wani tsohon tulu, ta cakuɗa da toka, ta liƙe bakin da yumɓu. Yunwa ta ci ta har zanenta ba ya zama a ƙugu, amma ba ta buɗe ba. Ƙanenta Nomau, wanda shi ne Sarkin Noman gari, ya roƙe ta ko tafi ɗaya a dafa, ta ce ya fita mata daga ɗaki.

Da damina ta sauka ta fasa liƙin. Abin da ke ciki bai wuce ya shuke 'yar gayaunarta da ke gefen ramin yumɓu ba. Dattawa suka taru suka yanke magana: ba mai tsinkar ko ganye ɗaya, duk abin da ya fito iri ne, za a raba gida gida. In gayaunar nan ta yi, wake ya dawo gari. In ta lalace, shi ke nan, an yi sallama da shi har abada.

Wake ya fito, ya yi yaɗo, ya rufe kunya, ya fara fure. Kowa ya wuce sai ya tsaya ya yi addu'a. Sai kuma ga tsutsa. Ba irin babbar nan da kuke gani a kan ganye ba. Wata 'yar mitsitsiya ce mai wayon tsiya, cikin furen take shigewa ta ci daga ciki, furen ya faɗi. In ɗan wake ya fito kuma ta huda shi ta shige. Da fari ɓarnar kaɗan ce. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya sa ta zama kaɗan. Kullum dangin zanzaro suna shawagi a gonar suna ɗauke ta, amma wa ke kallon ƙwaro?

Akwai wata al'ada ta maginan garin nan, har ni na tarar da ita. In mai koyo ta ga hannunta ya nuna, sai ta gina tulu ɗaya da dukkan iyawarta, ta zuba abin da ta fi ƙauna a ciki, ta kai ɗakin malamarta ta ajiye. Tulun yaye ake ce masa. Wata zuma take zubawa, wata man shanu. Ba a kai shi wofi.

Zanzaro ya ga lokacinsa ya yi. Iya na gona, ya shiga ɗakinta. Ya duba ƙasa, ya ce nan za a taka. Ya duba bango, ya ga wuri mafi kyau a duk garin, ga inuwa ga santsi. Nan ya kafa. Ya gina tulun da bai taɓa gina irinsa ba, ciki zagaye, wuya siriri, baki a buɗe kamar na tulun amarya. Ya rataye ƙwansa guda ɗaya tak da siririn zare daga sama. Ya yi ta zirga-zirga zuwa gayauna yana kwaso tsutsa har tulun ya cika. Ya liƙe bakin, ya hau azara ya zauna yana jira.

Da la'asar Iya ta dawo. Ta gaji, ga ranta a ɓace, don ta ga furanni a ƙasa. Tana ɗaga ido sai ta ga wani curi a bangonta.

"Wane ne ya yi min wannan aika-aikar?"

Zanzaro ya ce, "Ni ne, Iya. Tulun yayena ne."

Ta matso. Ta duba ta dama, ta duba ta hagu. Ku ji ni da kyau, ba ta ga aibu ba. Wuya daidai, ciki daidai. Da ta tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma hannun da ya saba ba ya shawara da mai shi. Ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa. Tulun bai yi ƙara ba. Ina zai yi ƙara, ɗanye ne ba a gasa ba, kuma cike yake taf?

Ta ce, "Sake." Ta danna masa yatsa.

Tulun ya wargaje. Tsutsotsi suka zubo mata a kan shimfiɗa. Ta yi tsalle baya tana salati. "Tsutsa! Ta ishe ni a gona, shi ne ka kawo min har gadona? Wannan ce zumar taka? Ni za ka wulaƙanta?"

Zanzaro ya sauko a hankali. Bai dubi tsutsar ba. Ya tona cikin garin yumɓun da ƙafarsa har ya sami abin da yake nema, ya riga ya fashe.

Ya ce, "Iya, ɗana na ciki."

Ya fita ta ƙofa. Kafin rana ta faɗi duk danginsa sun tashi daga bakin rami, sun nufi dutsen nan da kuke hangowa ta gabas. Hindatu, share idonki, ai ba a gama ba.

Ihun Iya ya jawo Nomau. Ya shigo ya durƙusa, ya ɗauki tsutsa ɗaya a tafin hannu yana juya ta.

Ya ce, "Yaya, kin duba su kuwa? Wannan ai ita ce mai cin furenmu. Ga ɗigo-ɗigon bayanta. Ba ta mutu ba, amma ba ta motsi, ya yi mata wani abu. Duk waɗannan daga gonarki ya kwaso su."

Jikinta ya yi sanyi, amma bakinta bai yi ba. Ta ce, "To sai me? Abin da ƙwaro ya yi da baki, mu da muke da yatsu goma za mu kasa?"

Aka yi gayya. Maza da mata suka shiga gona a sunkuye suna buɗa fure ɗaya ɗaya. Duk furen da aka buɗa da yatsa sai ya tsinke, ɓarnar masu ceto ta fi ta tsutsa. Aka barbaɗa toka, ruwa ya wanke. Aka yi hayaƙin kashin shanu, mutane suka yi ta tari, tsutsa na cikin fure ko gezau. Darbejiya da kuke gani yanzu ko'ina ana maganin ƙwari da ita, lokacin ba ta zo ƙasar nan ba. Wani mai hikima ya ce a saki kaji da zabi. Aka saki. Suka bar tsutsa suka kama cin fure! Sai da aka bi su da jifa. Har yau ban yafe wa zabo ba.

Kullum da safe ƙasan gonar sai ya yi fari da furen da ya zuba. Iya ta daina gini. Sai ta zauna a bakin kunya ta yi tagumi. Wannan waken da ta ƙi ci tana jin yunwa har tana ganin jiri, ga shi tsutsa na cinye shi a gabanta.

Nomau ya zo ya tsaya a kanta. "Yaya, ruwa ya kusa ɗaukewa. Furen da ke fitowa yanzu shi ne na ƙarshe. In ya bi 'yan'uwansa, ba mu da iri. Bari in hau dutsen nan in ba zanzaro haƙuri."

Iya ta miƙe ta kakkaɓe zane. "Yatsanka ne ya fasa? Zauna. Ni zan je."

Da sassafe ta kwaɓa yumɓu mafi laushi, ta cika ƙwarya, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ta aza a ka. Ta ɗauko tsohon tulun nan da ya ɓoye irin, ta goya shi a baya kamar jariri. Tulun yayenta ne, wanda ta gina wa mahaifiyarta da ta koya mata gini, tun tana budurwa, ba abin da ta mallaka da ya kai shi a wurinta. Tsohuwa da furfura, ta kama hawan dutse. Mutanen gari suka fito suna kallo, ba wanda ya taɓa ganin Iya Kyallu ta taka zuwa wurin wani neman wani abu.

Da ta kai sama, abin da ta gani ya ƙara karya mata zuciya. Ba yumɓu a can, ba ruwa. Da yashi suke gini, yana bushewa yana zubewa, ga cinnaka sun yi layi. Ta tarar da zanzaro a bakin wani kogo. Shi ko ginin ma ba ya yi.

Ta sauke kaya, ta durƙusa. Ita fa, Iya Kyallu, a gaban ƙwaro.

Ta ce, "Gaisuwa na zo yi, wadda ya kamata in yi tun ranar. Ya haƙuri?"

Ya ce, "Haƙuri da godiya, Iya."

"Allah ya ba da mai tsayawa."

"Amin."

Sai ta kwance goyon, ta ajiye tulun a gabansa, ta ɗauki dutse. "Wannan shi ne nawa tulun yayen. Ba ni da abin da ya fi shi. Na fasa naka, ga nawa. Ka ce in fasa, in fasa a gabanka."

Zanzaro ya ce, "Ajiye dutsen nan, Iya. Kin zo ba da haƙuri, kuma da fasawa za ki fara? Tulun nan ya riƙe iri a shekarar yunwa, me ya yi miki? In kin fasa shi ɗana ba zai dawo ba."

Ta saki dutsen. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Ta ce, "To ba zan ɓoye maka ba. Gaisuwa na zo, kuma roƙo na zo. Waken nan zai mutu. Mun yi iyakar yinmu, mun kasa. Ba mai iya shiga furen nan sai ku."

Ya ce, "Mu ma nan mutuwa muke yi, kin gani da idonki. Za mu koma. Amma ba za mu sake gini a waje ba. Bango nake so, a cikin ɗaki, inda ruwa ba ya duka. A riƙa bar mana jiƙaƙƙen yumɓu a gefe in ana gini. Kuma kar a ƙara ƙwanƙwasa tulunmu. Ba a gasa shi, Iya, mai rai ne a ciki."

Ta ce, "Bangona naka ne, daga ƙasa har azara. Na sauran mutane kuma, ka bar ni da su."

Ta buɗe ƙwaryar. Ƙanshin ɗanyen yumɓu ya tashi, dangi suka yo caa a kai.

Kai, ina ma kun ga dawowar! Kakata ta ce mahaifiyarta ta ce, tsohuwa ce a gaba da tulu a goye, sama da ita kuma zanzaro kamar hadari, gurnaninsu na tashi har cikin gari. Ba su ko huta ba suka faɗa gona. Kowane ya sauka a fure, ya zura kai, ya jawo tsutsa, ya ɗan harbe ta ta sandare, ya rungume ta a ƙirji ya tashi. Furen ko girgiza ba ya yi. Wadda ta shige cikin ɗan wake, su bi ramin su zaƙulo ta.

Amma tsutsar sai an sami wurin zuba ta. Iya ta tara duk maginan gari. Ta ce, "A ajiye randa, a ajiye tukunya. Daga yau kwaɓi za mu yi wa baƙi." Matan da ake zuwa daga nesa neman aikin hannunsu, suka zauna suna kwaɓa wa ƙwaro yumɓu, suna yayyafa ruwa kar ya bushe. Bangon nan mai ƙyalli, wanda ba a jingina da shi, ya cika da tuluna curi curi har ba wurin sa tafin hannu. Ko sau ɗaya ba ta yi tsaki ba.

Fure ya daina zuba. 'Ya'ya suka fito, suka yi tsawo, suka ƙosa, suka bushe. Ranar roro ba wanda ya zauna a gida. Aka sussuke, aka sheƙe, aka tara farin wake tsibi a tsakar gidan Iya, dattawa na kallo suna hamdala.

Ranar rabo kowane gida ya turo mutum da ƙoƙo. Iya ta zauna a bakin tsibin ta ce, "Duk wanda ya karɓi irin nan, ya karɓi zanzaro tare da shi. Bangon ɗakinsa a buɗe yake, kuma ba kara ba tsintsiya."

Wata mai tsabtar tsiya ta ce, "Haba Iya, har ɗakin da na sha wahalar yaɓe?"

Iya ta ce, "Leƙa nawa ki gani. In ba ki so, ajiye ƙoƙon ki ba na baya wuri."

Ba ta ajiye ba.

Ana cikin rabon sai Iya ta miƙe ta shiga ɗaki. Mutane suka bi ta da ido ta ƙofa. A daidai tabon nan, inda ta fasa na farko, akwai wani tulu. Zanzaro ya gina shi tun dawowarsu, bai ce mata komai ba, ita ma ba ta ce masa ba. Yana kan azara yana kallo. Ta tsaya a gaban tulun. Hannunta ya ɗaga, yatsan nan ya lanƙwashe.

Nomau ya ce, "Yaya!"

Iya ta dubi yatsan nata kamar ba nata ba. Ta mayar da hannun baya, ta riƙe shi da ɗayan. Ta sunkuya ta kara kunnenta kusa da tulun, ba ta taɓa shi ba. Ta ji ɗan ƙaramin motsi a ciki, ƙaras ƙaras. Liƙin bakin ya tsage. Wani ɗan kai ya leƙo, ya ja jiki ya fito, fukafukansa a jiƙe. Ya tsaya a wuyan tulun ya shanya su, ya tashi ya fita ta ƙofa, ta saman kawunan mutane, ya nufi gona.

Iya Kyallu ta ɗago ta dubi azara. Ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ya yi."

Wayyo, guɗa! Tsofaffin ɗalibanta masu furfura, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu suna jiran kalmar nan ba su samu ba, wasu na kuka, wasu na dariya, wata na cewa, "Oh ni! Ashe bakin ya iya faɗa!" Zanzaro ya sauko daga azara, ya zagaya ta, ya sauka a kan yatsan nan da ya fasa masa tulu, ya zauna. Ita kuma ta riƙe hannun cak, ba ta motsa ba sai da ya tashi don kansa.

Shi ya sa har yau zanzaro ba ya sallama in zai shigo, don ɗakin da rabonsa a ciki. Shi ya sa tulunsa ke da wuya da baki irin na Yumɓawa sak, a gidanmu ya koya. In kun ga maginiya ta gutsuri yumɓu ta ajiye a gefe ta yayyafa masa ruwa, ba mantuwa ta yi ba, nasa ne. Ku je gonar kawunku in wake ya yi fure ku tsaya ku kalla, za ku gan shi yana fita da tsutsa a rungume, bai taɓa fashin aiki ba. Shi ya riƙe alkawarinsa, mu ma mun riƙe namu, kuma ba a ɗakin jikar Iya Kyallu za a fara karya shi ba.

Kun ji ƙanshi? Waken nan da ke tafasa, farin nan mai baƙin ido, jikan na cikin tulun nan ne. Sagiru, miƙo karan in tura a murhu, wutar ta yi ƙasa.